Daga Askar Wanzami zuwa Jakar Silikon: Tarihin Tiyatar Gyaran Nono da Matan Tsauni

Tsauni gari ne na manoma a ƙasar Kance, wadda Matamaye take zaman cibiyar mulkinta a yau, a kudu maso yammacin jihar Damagaram, ba nisa da iyakar da ta raba Nijar da ƙasar Daura, kuma tun kafin Faransawa su kama birnin Damagaram a 1899 mutanen wannan yanki suna da waɗanda al'ada ta yarje wa su sa ƙarfe a jikin ɗan Adam, ko domin magani ko domin ado. Waɗannan su ne wanzamai, masu sana'ar da ɗa yake gada daga ubansa, waɗanda suke ƙarƙashin Sarkin Aska, wato shugaban da sarauta take naɗawa domin ya riƙe ragamar sana'ar, ya sasanta 'ya'yanta, ya kuma tsawata wa wanda ya wuce gona da iri. Duk mai son ya fahimci yadda tiyatar gyaran nono ta zamani za ta zauna a irin wannan ƙasa, wato aikin da likita yake yi na sanya wata jaka a ƙirjin mace domin ƙara girman nono ko domin maye gurbin wanda cuta ta cinye, ya kamata ya fara da zabirar wanzami, domin daga gare ta Bahaushe ya fara sanin iyakar abin da ƙarfe zai yi wa jiki.

Zabira jakar fata ce mai aljihuna da yawa, kuma a cikinta ake samun aska ta aski da kaciya, da 'yar tsaga wadda ake zane da ita, da koshiyar da ake tallafo beli kafin a yanke shi, da ƙahon da ake zuƙo mataccen jini da shi. Aikin wanzami a jikin mace yakan fara tun makon haihuwarta, lokacin askin suna da zanen da zai nuna asalinta, sannan ya dawo idan ta tasa ta zama budurwa tana son jarfa, wato zanen ƙawa da ake tsagawa a fuska ko wuya ko damtse ko saman ƙirji, a shafa masa baƙin tukunya domin ya zauna har abada. Ke nan gyaran jiki domin kyau ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma matan da suka jure zafin jarfa ba tare da maganin kashe raɗaɗi ba sun san cewa ado yana da farashi. Abin da ya kare su, gwargwadon yadda aka kare su, shi ne wanzami ɗan gari ne, gidansa sananne, ladansa damin gero ne a kaka da rabo daga ragon suna, don haka idan hannunsa ya ɓata 'yar wani, zai ci gaba da haɗuwa da mahaifinta a masallaci da kasuwa har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta ratsa sana'ar gaba ɗaya, ko da ba a rubuta ta a ko'ina ba, ita ce wanzami yana fitarwa ne daga jiki, ba ya shigarwa, in ban da baƙin jarfa a kan fata. Idan mai jego ta yi ƙurji a nono har ya nuna, abin da aka sani shi ne sakiya: a sa ƙarfe mai tsini a wuta har ya yi ja, a riƙe matar, a huda inda fatar ta yi laushi tana sheƙi, mugunya ta fita, zafin da ya hana ta barci kwana da kwanaki ya sauka. Ƙarfen yana shiga ne ya fito nan take, ba a barin komai a ciki. Ba daidai ba ne a wanke sana'ar fes, domin aska ɗaya da ta bi jikin yara da yawa ta yaɗa cututtuka, kuma yankan gishiri, wanda ake yi wa mata a gaba da sunan sauƙaƙa naƙuda, ya jefa da yawa cikin yoyon fitsari, har dokar Nijar ta 2003 ta haramta kaciyar mata. Amma wanzamai sun san ciwon da ya fi ƙarfinsu, wanda suke kira daji, wato sankara, kuma daga ganin yadda yake haukacewa bayan an tsaga shi aka samo maganar da ta bazu ko'ina cewa daji ba ya son ƙarfe, maganar da za ta zama babbar matsala bayan zuwan asibiti.

Tiyatar da ta saɓa wa waccan ƙa'ida, wadda take barin wani abu a cikin ƙirji shekara da shekaru, ta samo asali ne a Jamus, kuma ba domin ƙawa aka fara ta ba. A 1895 likita Vincenz Czerny na jami'ar Heidelberg ya ba da rahoton wata mawaƙiya da ya cire wa ƙari daga nono, ya ga ɓangaren ya lotsa, sai ya ɗebo wani dunƙulen kitse da ya tsiro mata a baya ya cike gurbin da shi. A daidai wannan zamani William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka yana yaɗa hanyarsa ta yaƙi da sankarar mama, wadda ake cire nono da tsokar da ke ƙarƙashinsa da kaluluwar hammata gaba ɗaya, kuma saboda girman sunansa da ƙin da ya yi wa sake gina ƙirji bayan aikin, mata sun shafe fiye da rabin ƙarni suna fita daga asibiti da rai amma da ƙirji a shafe, haƙarƙari a bayyane.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi muni a tarihin wannan aiki. Robert Gersuny na birnin Biyana ya shigo da allurar kakin farafin a ƙarshen ƙarni na 19, wasu suka ɗauke ta suka riƙa ɗura wa mata a nono, kakin ya daskare ya zama curi-curi masu tauri, fata ta gyambace, wani lokaci ya bi jini ya toshe huhu, har aka daina bayan an rasa nonuwa da rayuka. An gwada hauren giwa, da ƙwallon gilashi, da guringuntsin sa, da roba, sannan a shekarun 1950 aka koma soso na roba, wanda nama yakan shige cikin ramukansa ya matse shi har ya ƙanƙance ya yi tauri. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka fara ɗura ruwan silikon tsagwaronsa da allura, da farko a Japan, daga baya a birnin Las Vegas, kuma da yake ruwan ba ya tsayawa inda aka zuba shi, ya riƙa malala cikin nama yana haddasa kumburi da ruɓewa, abin da ya sa jihar Nevada ta mai da wannan allura babban laifi a 1975. Silikon dai wani sinadari ne da ake sarrafawa daga ma'adinin da ke cikin yashi, ana iya mai da shi mai ko kauri ko roba, kuma darasin da aka koya da tsada shi ne dole a killace shi.

Killacewar ta zo ne daga birnin Houston, inda likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, tare da kamfanin Dow Corning, suka ƙera jakar robar silikon da aka cika da silikon mai kauri. Sun fara gwada ta a jikin wata karya, sannan a 1962 suka sanya wa mace ta farko, Timmie Jean Lindsey, mahaifiyar 'ya'ya shida, wadda ba neman ƙarin nono ne ya kai ta asibitin Jefferson Davis ba, ta je ne a goge mata zanen furanni da aka yi mata a ƙirji, likitocin suka lallashe ta ta yarda, ita kuma ta gindaya sharaɗin a gyara mata kunnuwa. Ta rayu da jakunkunan fiye da shekara 50, amma yadda aka sami amincewarta ya nuna irin sakacin wancan zamani, lokacin da babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya tabbatar da lafiyar abin da zai sa a jikin mutum. Ba da jimawa ba Henri Arion na Faransa ya fito da wata jakar da ake cikawa da ruwan gishiri, wadda idan ta fashe jiki yakan shanye ruwan ba tare da illa ba, sai dai ba ta kai ta silikon laushi ba, kuma takan yi tamoji a ƙarƙashin fatar siririyar mace.

Daga nan aka shiga takaddamar da ita ce zuciyar wannan tarihi, wato karon da ke tsakanin kamannin halitta da kiyaye lafiya. Jikin ɗan Adam ba ya barin baƙon abu haka nan, yakan saƙa masa wani tantani ya kewaye shi, kuma a jikin wasu mata tantanin yakan yi kauri ya tsuke, ya matse jakar har nono ya ɗage sama ya zama ƙwallo mai tauri, mai sanyi idan an taɓa, mai ciwo idan an kwanta a kansa. Likita James Baker ya kasa wannan tsukewa mataki huɗu, daga nonon da ba a bambanta shi da na halitta zuwa wanda ya karkace yana zogi, kuma da wannan ma'auni ake aiki har yau. Kamfanoni sun ɗauka kaurin jakar ne yake jawo taurin, saboda haka a shekarun 1970 suka sirance bangonta suka tsinka abin da ke ciki domin ta yi taushi a hannu, kuma ta yi taushin, amma sai ta zama mai saurin fashewa, silikon yana tsattsafowa ta bangon ko da bai yage ba. Dubban mata ne suka biya kuɗin wannan gaggawa da jikinsu, domin an sa laushin ranar farko a gaba, an manta da abin da zai faru bayan shekara goma.

Sai a 1976 dokar Amurka ta ba hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, iko a kan na'urorin da ake sa wa jiki, kuma a watan Janairun 1992, bayan ƙararraki sun yi yawa, shugabanta David Kessler ya dakatar da jakar silikon, daga baya aka taƙaita ta ga matan da aka cire wa nono da masu shiga bincike. Kamfanin Dow Corning ya nemi kariyar kotu daga masu binsa a 1995, ya kuma amince da biyan diyyar dala biliyan 3.2. Wani babban kwamitin masana ya bayyana a 1999 cewa bai sami hujjar da ta danganta silikon da cututtukan garkuwar jiki da ake zargi ba, amma ya tabbatar da cewa fashewa da tsukewa da sake komawa ɗakin tiyata abubuwa ne da suke faruwa da yawa, kuma a Nuwamban 2006 aka sake halatta sabuwar jaka mai bango ninki-ninki da silikon mai danƙo wanda ba ya malala, ga masu neman ƙarin girma da suka kai shekara 22.

Faransa, wadda likitocin Nijar da dama suka yi karatu a makarantunta, ita ce ta ga abin kunya mafi girma. Kamfanin PIP na Jean-Claude Mas ya shafe shekaru yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu mai araha, wanda ba a yarje a sa wa mutum ba, yana ɓoye shi duk lokacin da masu bincike suka zo, har hukuma ta gano a watan Maris na 2010, lokacin da kayan suka riga suka shiga jikin mata kusan 300,000 a ƙasashe 65, kuma a Disamban 2013 kotun Marseille ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu. Bayan wannan aka tabbatar da wata sankara ta ƙwayoyin garkuwar jiki da take tsirowa a cikin tantanin da ya kewaye jakar, musamman jaka mai kaushin baya, wadda ita ma an ƙirƙiro ta ne domin rage tsukewa da riƙe siffa mai kama da ta halitta. Faransa ta hana irin wannan jaka a Afrilun 2019, a Yulin shekarar kuma kamfanin Allergan ya janye tasa daga duniya, lokacin da FDA ta ƙirga mata 573 da suka kamu, 33 daga ciki sun rasu. Tun 2021 dokar Amurka ta wajabta a karanta wa mace jerin haɗurran ta sa hannu kafin aiki, ciki har da cewa jakar ba ta har abada ba ce, kuma ana ba da shawarar a duba ta da na'urar hoto bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Abin da ƙwararru suka tsaya a kai bayan duk wannan wahala ba shi da wani ƙawa: kamannin halitta yana zuwa ne daga awo, ba daga girma ba. Likita yakan auna faɗin gindin nono da kaurin naman da zai rufe jakar da yadda fatar take miƙewa, ya zaɓi jakar da ba ta wuce wannan awo ba, domin wadda ta fi ƙarfin ƙirji takan sirance fata, ta ja nono ƙasa, gefenta ya fito fili. Ga mace marar nama ana sa jakar a ƙarƙashin tsokar ƙirji, hanyar da aka fara bayyanawa a 1968, ko a rufe samanta da tsoka a bar ƙasanta a bayan nono, kamar yadda John Tebbetts ya tsara a 2001. Wurin yanka ma yana da muhimmanci, domin ana iya bi ta lanƙwasar ƙasan nono ko ta hammata ko ta gefen baƙin da ya kewaye kan nono, kuma wannan na ƙarshe ya fi kusa da hanyoyin ruwan nono da jijiyoyin ji, abin da ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da mace take haihuwa shida ko bakwai tana shayar da kowane ɗa kusan shekara biyu. Ga wadda aka cire wa nono kuwa, an koma ga tunanin Czerny na gyara jiki da jiki, inda Carl Hartrampf na Atlanta ya nuna a 1982 yadda ake ɗauko fata da kitsen mara a gina sabon nono da su, ba tare da wata jaka ba.

A jihar Damagaram tiyatar gyaran siffa ba ta ƙirji ta shigo ba, ta fuska ta shigo, ta dalilin cutar noma, wadda take farawa daga dasashin yaron da yunwa ta raunana ta cinye kumatu da leɓe da hanci cikin 'yan kwanaki. Gidauniyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Suwizalan a 1980, ta buɗe cibiyarta a birnin Damagaram a 1992, tana karɓar yara daga ƙauyukan jihar, ana yi wa wasu aiki a Nijar, masu tsanani kuma a kai su Janiba, asibitin noma na Sakkwato ma yana yi wa irin waɗannan yara aiki tun 1999. Iyayen da suka ga ɗansu ya dawo yana iya rufe baki yana cin tuwo ba su buƙaci a yi musu dogon bayani kan halaccin mai da abin da cuta ta ɗauke ba. Malamai ma suna da madogara tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya umarci sahabi Arfaja ɗan As'ad, da aka sare wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, da ya sa na zinariya. A kan irin wannan hujja ce Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta sake gina nonon da aka cire, da gyaran wanda girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai ga cuta, ta kuma hana canza lafiyayyar halitta domin bin son rai ko kwaikwayon wasu.

Wannan rarrabewa ita ce ta dace da halin da matan Tsauni suke ciki. A yankin da talauci ya sa mata suke ratsa hamada da 'ya'yansu zuwa Aljeriya, hanyar da a kanta a Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe, yawancinsu mata da yara 'yan ƙasar Kance, maganar ƙara girman nono da kuɗin da ya fi abin da gona take bayarwa a shekaru ba ta taso ba. Amma sankarar mama ba ta tambayar arziki. Macen da ta ji ƙullutu marar ciwo a nononta takan yi shiru saboda kunya, sannan ta bi masu magani saboda an ce daji ba ya son ƙarfe, kuma a ƙarƙashin wannan duka akwai tsoron da ba a cika furtawa ba, na komawa gidan miji da ƙirji ɗaya a gaban kishiya. Kafin ta isa asibitin Matamaye a tura ta babban asibitin Damagaram, ciwon ya riga ya fashe, kuma idan ta rasu bayan tiyata sai a ce ga shi ƙarfe ya taɓa daji, alhali jinkiri ne ya kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan cuta suna wuce shekara biyar da rai, a Afirka ta Kudu kuwa kashi 40 ne, kuma babban abin da ya raba su shi ne lokacin zuwa asibiti. Nijar ta ayyana maganin sankarar mata kyauta a 2007, ta kuma sami na'urar ƙona ƙwayoyin daji ta farko a Yamai a 2021, sai dai tsakanin Damagaram da Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce.

A gefe guda kuma kasuwa ba ta jira likita ba. Wayar hannu ta kawo tallar man shafawa da ƙwayoyi da allurai na ciko da ƙirji har cikin ɗakin amarya, kuma da yawa daga ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe magungunan asibiti ne masu ƙarfi da aka karkatar, waɗanda suke tara ruwa da kitse a jiki, su tayar da hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi da garkuwa. Duk allurar da za a ɗura wa nono wani ruwa da ba a san asalinsa ba maimaici ne na farafin da silikon ɗin da duniya ta yi watsi da su bayan sun lalata mata, kuma mai sayarwa ba shi da Sarkin Aska a kansa, ba shi da gida a gari, lambar waya kawai gare shi. Kuɗi ma ba kariya ba ne, domin Stella Obasanjo, matar shugaban Nijeriya na lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 bayan tiyatar rage kitse a wani asibitin kuɗi a Sifen, kuma kotu ta sami likitan da laifin sakaci a 2009.

Abin da ya rataya a wuyan hukumomin lafiya na Nijar shi ne su horar da likitocin fiɗa na Damagaram aikin sake gina nono da naman jikin mace, wanda ba ya buƙatar jakar da za a sayo daga waje a kuma riƙa bibiyarta da na'urar da babu ita a karkara, su kuma sa shi cikin maganin da aka ce kyauta ne, domin macen da ta san za a mayar mata da siffarta ta fi saurin yarda a cire ciwon. Wanzamai da ungozomomin Tsauni kuwa, waɗanda har yanzu su ne farkon masu ganin irin wannan ƙullutu, a kira su a koya musu bambancin ƙurjin mai jego da ƙari mai tauri marar zafi, domin idan suka ga na biyun kada su tsaga, kada su ba da jiƙo, su tura matar asibitin Matamaye a cikin makon.